Kada a Tada Ta Sai Aƙilu Ya Zo

Da an sallame sallar asuba a masallacin unguwarsu da ke Malumfashi, sauran kanikawa kan koma gida su ɗan ƙara barci, ko su zarce teburin mai shayi. Malam Aƙilu kuwa babur ɗinsa yake nufa. A wuyan babur ɗin akwai guntun tiyo baƙi a naɗe, ya sha hannu har yana sheƙi. A aljihun rigarsa kuma akwai ɗan curin auduga. Da waɗannan biyun yake fita aikin farko na kowace rana; sifana da sauran ƙarafa suna gareji, sai rana ta ɗaga ake taɓa su. Gidan wanda ya yi wa alkawari jiya zai je, ya yi sallama, a gaisa, sannan ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet. In ya ji ɗumi, ko kaɗan ne, sai ya juya kan babur.

"Ka tada ta," zai ce.

"Wallahi Baba, ɗan matsar da ita kawai na yi daga bakin ƙofa."

"To sai gobe. Ni ba na sauraron motar da ta riga ta karya kumallo."

Wannan hali ne ya sa aka laƙaba masa Na-Asuba. Wasu don yabo suke faɗi, wasu don tsokana, shi kuwa duk amsawa yake.

Kowane direba daga Funtua zuwa Dayi ya haddace magana ɗaya: in mota ta yi ƙas-ƙas da sanyin safiya, sanyi take ji, baƙin mai ne bai hau sama ba, bar ta ta ɗumama za ta yi shiru. Kuma takan yi shirun. Abin da ya sa maganar ta samu gindin zama ke nan. Ni kam na daɗe ina tsoron maganar da kowa ya haddace, musamman wadda ke yawan fita gaskiya, domin ranar da ta zama ƙarya ba mai waiwayarta. Malam Aƙilu bai taɓa musun cewa yawancin ƙas-ƙas ɗin safiya ba komai ba ne. Abin da ya ƙi yarda da shi shi ne a yanke wa ƙara hukunci ba a ji ta ba. Mai mota kan kawo ta gareji da rana tsaka, ta sha tafiya, inji ya yi zafi, ƙarar ta ɓuya, sai a ce lafiya lau. Shi ya sa ya zaɓi ya riƙa bin motoci har makwancinsu. Mutane da yawa sun shaida cewa ya je, ya saurara, ya ce, "Canja mai, ka rabu da ita," bai kwance ko ƙusa ɗaya ba. Wasu kuma ya ce musu kada a sake murza makullin sai an buɗe injin, kuma da aka buɗe aka yi salati.

Amma abin da ya sa na ga ya wajaba a jinjina masa a bainar jama'a ba inji ya ceta ba ranar. Mutum ya ceta.

A wata damina da ba ta yi nisa ba, a wani ƙauye da ke bayan Gozaki, wanda ba zan faɗi sunansa ba don mutanensa sun ji kunyar da ta ishe su, mota ɗaya ce tal ke kai jama'a kasuwa. Ta wani direba ce mai suna Ɗanasabe, tsohuwa mai dogon baya, irin wadda ake cusa fasinja biyu a kujerar gaba. Gefen ƙofa na wannan kujera kullum na Hajjo ne, wata dattijuwa mai sayar da daddawa, wadda mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata kuma suna aure nesa. Gwiwarta ba ta lanƙwasuwa sosai, shi ya sa Ɗanasabe yake ajiye mata wurin. Wanda ya samu tsakiya, tsakaninta da giya, sai ya matsa.

A wannan daminar sai aka fara lura da wani abu. Wani mai awon hatsi ya zauna kusa da Hajjo, kafin a kai titi ya yi ta amai. Wata mata ta zauna, ta sauka tana layi, kanta kamar zai rabe. Sannan sai Raudatu, matar wani manomi Murtala, ta zauna da 'yarta Mansura a cinya, yarinyar da ba a daɗe da yaye ta ba. Ana cikin tafiya yarinyar ta yi laƙwas, wuyanta ya saki. Aka tsaya, aka fito da ita, aka yayyafa mata ruwa ta farfaɗo, amma tun daga ranar take kwance, ba ci, sai amai da zafin jiki. Ita kuwa Hajjo ko ciwon kai ba ta taɓa yi ba. Ba a buƙaci wanda zai haɗa lissafin ba. Kalmar ta fito daga bakin mata a bakin rijiya, ta kai majalisar maza kafin la'asar: mayya.

Ɗanasabe ya kawo motar garejin Malam Aƙilu da rana tsaka, fuskarsa a yamutse.

"Baba Aƙilu, ka duba mini ita ko don in ce na duba. Fasinja sun fara gudu na. Wai motata ta zama tabarmar mayya."

"Me take yi?"

"Ba ta komai. Ɗan ƙas-ƙas ne da safe, ka san sanyi." Ya murza makulli, injin ya tashi sumul. "Ka ji? Lafiyarta lau kamar amarya."

Malam Aƙilu bai kalli injin ba, direban ya kalla. Ya tambaye shi wa da wa suka yi ciwon, da inda kowannensu ya zauna. Ya tambaya ko yakan bar motar a kunne in ana jiran ta cika.

"Dole mana, sai ta ɗumama."

"Mutane na ciki?"

"Ina za su tsaya, ana yayyafi?"

"Gilasai a rufe?"

"Ruf."

"Kai fa? Kanka ba ya sara maka?"

"Yakan yi da safe. Na ɗauka rashin shayi ne. Amma ni ai ina waje ina ɗaure kaya, sai an cika nake shiga."

Nan ne Ɗanasabe ya gaya masa sauran labarin. Gobe da hantsi za a fito da Hajjo gaban jama'a a sa ta tsallake yarinyar, don ta saki kurwar da aka ce ta kama. Murtala ya rantse in ta ƙi, ba za ta sake kwana a garin ba. Duk wanda ya taɓa ganin an sa mace tsallake ya san ba a tashi daga wurin da mutunci. Ku kuma duba yadda aka gina abin: in yarinya ta samu sauƙi, an tabbata mayya ce ta saki, in ba ta samu ba, mayya ce ta ƙi saki. Ɗaki ne da aka gina ba ƙofa.

Malam Aƙilu yana da zato, amma zato ne kawai. Injin ya yi zafi, wurin da yake tuhuma yana can baya a matse, ba ya ganuwa. Ko da ya jira ya huce ya gano abin a gareji, wa zai yarda da maganar bakanike da direba ya kai ƙauye a baki? Sai an gani da ido. Ga shi kuma dole Ɗanasabe ya koma da sauran rana, don hanyarsu ba wadda ake bi bayan magariba ba ce a 'yan shekarun nan.

"Ka tafi," ya ce, "gilasai duka a buɗe, ko ruwan ƙanƙara ake. Ka ce a kai yarinyar asibiti yau."

"Ba za su ji ba, Baba. Sun ce ba ciwon asibiti ba ne."

"Ka dai faɗa. Sannan ka ajiye motar. Kada ka tada ta, kada wani ya tada ta, ko hakimi ne, sai na zo."

Ruwa ya sauka kafin asuba. Malam Aƙilu ya fito da gari ya fara haske, ya bi titi, ya sauka kan burji, ya tarar rafin da ke gaban ƙauyen ya cika ya yi ja. Ya jingine babur a bukkar wani mai gona, ya naɗe wando, ya rataya tiyo a wuya, ya cusa audugarsa cikin hula don kada ta jiƙe, ya shiga ruwan. Mutum ne da furfura ta riga ta cinye gemunsa. Tun yana tsakiyar rafin tunani ɗaya ke cin sa: in ya ji ƙarar inji daga nesa, tafiyar ta tashi a banza.

Kuma saura kaɗan hakan ta faru. Mutanen ba su jira hantsi ba. An zaunar da Hajjo a wani zaure, mata sun tare ƙofa. Murtala, wanda bai runtsa ba saboda kukan 'yarsa, ya zo ya tsaya a kan Ɗanasabe, ya ce ya tada mota a ɗauko wani boka daga ƙauyen gaba, wanda zai tsaya a kan tsallaken. Ɗanasabe ya ba ni labari da bakinsa: "Hajiya, na ce batir ya yi sanyi. Na ce taya ta yi ƙasa. Na shiga bayan gida na daɗe. Ƙarya ta ƙare mini ƙaf. Makulli na cikin raminsa, yatsuna na kai, sai na hango wani dattijo duk taɓo."

Malam Aƙilu ya ratsa taron, ko cikakkiyar sallama bai yi ba, ya ɗora tafinsa a kan bonet. Sanyi ƙalau. Sai a lokacin ya sauke numfashi ya gaida mutane.

"Malam," in ji Murtala, "mun aika a kira bakanike ne? 'Yata na kwance tana mutuwa, kai kuma ka zo shafa mota."

"Allah ya ba ta lafiya. Ban zo hana ka komai ba, ɗana. Ni ban san maita ba, ƙarfe na sani. Ka ba ni daidai lokacin da ruwan shayi ke ɗauka ya tafasa. In ban nuna maka komai ba, in koma rafin da na fito."

Wani ya yi tsaki a baya. Limamin garin, wanda tun jiya abin ke damunsa amma ya rasa abin da zai riƙe, ya ce, "A ba shi."

Malam Aƙilu ya sa aka buɗe ƙofofin motar duka, ya ɗaga bonet. Ya ciro auduga daga hularsa, ya yage ta biyu, ya miƙa wa Murtala rabi. "Riƙe. Da hannunka za ka gani, ba da nawa ba." Ya sa bakin tiyo ɗaya a kunne, ya riƙe ɗaya bakin, ya ce wa Ɗanasabe, "Bismillah."

Injin ya yi tari, ya kama. Ƙas-ƙas-ƙas-ƙas.

Ya ɗora tiyon a saman injin. Ƙarar da ya ji busasshiya ce, siririya, irin ta 'yan ƙarafan saman inji da kanikawa ke kira tafet, wadda direbobi suke nufi in sun ce mai bai hau ba. Irin wadda ba ta kashe kowa. Ke nan gaskiyar mutane ce, shi kuwa ya ƙetare rafi ya zo ya ƙara wa tsohuwa nauyi? Jama'a sun zuba masa ido. Kowane bugun injin yana ƙara masa zafi, kuma ya san da zafin ya kai, ko me ke ɓoye zai rufe bakinsa sai gobe, gobe kuwa ba ta da amfani ga Hajjo.

Ya gangara da tiyon baya, can ƙasa, inda bututun da ke kwashe hayaƙi daga injin yake maƙwabtaka da bangon da ya raba inji da mazaunin mutane. Nan ya ji ta. Wata ƙas-ƙas ce dabam, ta laɓe a bayan ta farko, kuma wannan tana da numfashi a ƙarshenta, kamar mai tsaki ta tsakanin haƙori. Ya zura audugarsa. Auduga ta fara tsalle, tana bin bugun injin daidai wa daida.

"Ɗanasabe! Tsumma a bakin salansa, ka take da ƙafa!"

Da aka toshe hanyar hayaƙin ta baya, tsakin ya ƙaru har na nesa suka ji. Malam Aƙilu ya kamo hannun Murtala ya kai shi kujerar gaba, ya sunkuyar da shi ƙasan tsakiya, gaban giya, inda wayoyi ke shigowa ta wani rami da robarsa ta daɗe da ruɓewa. "Sa nan." Murtala ya sa. Audugar ta kama kaɗawa a yatsunsa. Ya tsaya yana kallonta, fari yana komawa toka-toka. Sai tari ya sarƙe shi, idanunsa suka kawo ruwa, ya ja baya.

Ana cikin haka ƙarar ta fara laushi, ta yi ƙasa, ta ɓace. Injin ya koma sumul kamar jiya a gareji.

"Kun ji ta yi shiru?" in ji Malam Aƙilu, bayan an kashe. "Ba warkewa ta yi ba. Bututun ne ya tsage. In ya ji zafi sai ya kumbura ya matse tsagar, amma ba ya rufe ta duka. Da safe kuwa, kuna zaune ciki, gilashi a rufe, ana jiran fasinja, hayaƙin da ya kamata ya fita ta baya yana shigowa ta nan. Wanda ke tsakiya shi ke fara sha. Babba ya yi amai. Ƙarama ta suma."

Sai wata murya daga cikin maza ta ce, "To ita me ya sa bai taɓa kama ta ba? Ba a gaban take ba?"

Taron ya motsa, aka fara gyaɗa kai. Malam Aƙilu bai san amsar ba, kuma ba mutum ba ne da ke ƙirƙira. Ya zagaya ɓangaren da Hajjo ke zama, yana duba ƙofar kamar mai neman allura. Sai ya tsaya. A leɓen gilashin, ciki da waje, har cikin robar, akwai wani jan abu da ya bushe ya yi kauri. Ya kankara da farce ya shinshina.

"Wa ke tofar da goro a nan?"

Ɗanasabe ya dafe kai. "Inna Hajjo mana! Kullum sai mun yi faɗa. Ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, sai ta sauke gilashi ta kafa hancinta a waje tana tofi, tana ɓata mini ƙofa!"

A lokacin an riga an fito da ita bakin zauren, ta lulluɓe da mayafi. Ta ɗago kai ta dube shi.

"To in haɗiye, ɗan nema?"

Wani ya fashe da dariya, ya kama bakinsa. Liman ya yi salati da ƙarfi, ya ce wanda ya sake ambaton tsallake ya fara tsallake shi tukuna. Murtala yana tsaye da audugar a hannu, ya kasa jefar da ita.

"Ka ɗauki 'yarka," in ji Malam Aƙilu a hankali. "Babur ɗina na ƙetaren rafi. A babur, ba a wannan ba. Ka gaya wa likita ta sha hayaƙin mota."

Ba zan gyara labarin ya fi yadda yake kyau ba. A asibiti an samu yarinyar da zazzaɓin cizon sauro ma, wanda ya hau kan na hayaƙin, kuma sai da ta kwana biyu a gado kafin ta miƙe. A ƙauyen akwai waɗanda har yau suke cewa ai mayya ma ta iya aiki da hayaƙi. Cinikin daddawar Hajjo ya daɗe bai koma daidai ba. Amma ba a tsallake kowa ba, ba a kori kowa ba. Da aka yi wa bututun walda aka toshe ramin, ranar kasuwar farko ba wanda ya yarda ya shiga tsakiya, mutane na ta duban juna. Sai ga Raudatu. Ta buɗe ƙofa, ta miƙa Mansura a cinyar tsohuwar, ta ce, "Inna, riƙe mini ita in gyara zanena." Hajjo ta karɓa. Ta sauke gilashi. Ba wanda ya ce mata ana sanyi.

Bana Malam Aƙilu ya ajiye aiki. Ba wanda ya sallame shi. Wata safiya ce ya sa tiyo a kunne, mai mota na cewa ga ƙarar nan, shi kuwa bai ji komai ba sai gunjin inji. Ya sake gwadawa a wata motar washegari, haka. Ya dawo ya miƙa wa Zubair, babban almajirinsa a sana'a wanda shi ma ya yi iyali, tiyon da makullin gareji, ya ce, "Kunne ya yi nauyi. Ba zan riƙa cewa lafiya lau a kan abin da ban ji ba." Da ya so, da ya ci gaba da cin sunansa shekaru, ba mai ganewa.

Ranar da kanikawa suka haɗa masa 'yar walima, Hajjo ta zo a motar Ɗanasabe, da ƙullin daddawa da goro. Ta matso ta ce masa, "Malam, kai ne ka sa aka bar ni a ɗakina." Ya karkato kai ya ce bai ji ba. Ta gyara tsayuwa, ta faɗa da muryar da ta tsayar da masu walda a garejin gaba. Zubair ya rantse mini cewa a ta farkon ma Malam Aƙilu ya ji.

Malam Aƙilu Na-Asuba, mai bin ƙara har makwancinta! Kai ne ka ƙi yarda shiru lafiya ne. Kai ne ka shiga jan ruwa da furfurarka saboda tsohuwar da ba ka taɓa sani ba, a kan zaton da kai kanka ba ka tabbatar ba. Kai ne aka yi wa tambaya a gaban taro mai zafi, ba ka san amsa ba, ka ƙi yin ƙarya, ka je ka nemo. Mun gode. Allah ya saka maka, ya sa kunnen da ka ƙarar a hidimar mutane ya zama shaida gare ka ranar da ake neman shaida.

Ku kuma kanikawa masu tasowa, da mu duka da muke saurin cewa mun san abin da ke damun mota ko maƙwabciya: abin da aka kawo muku da rana tsaka ya riga ya ɗumama, ya sha bakuna, ya koyi yin shiru. Ku tashi da wuri ku je inda ya kwana. Kafin ku iso kuma, ku aika a ce kada a tada ta.